Ki Kai Shi Asibiti Yau

Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Jalingo a shekarun da garin ya zama hedkwatar sabuwar jiha, ko'ina ana ta gini ana sauke kayan ma'aikata. Maigidana direba ne, rabin wata yana hanya. Muna zaune a unguwar Majidaɗi tare da mahaifiyarsa, tsohuwar Bafulatana da kowa ke kira Dada. Na daɗe ina ƙin ba da labarin nan. Amma kwanan baya na ji wata yarinya tana cewa ai ɗanta ba ya tari sosai, haki kawai yake yi, sai na ga shiruna ba shi da amfani.

Sai na fara da faɗin halina. Ina da baki, kuma ina ji da Hausata. Abin da ya fi ba ni dariya da na zo garin nan shi ne yadda ba a raba mace da namiji a magana. Mace ta shigo, a ce ya zo. A ce wa mutum matarka ya haihu. Maƙwabciyata Maman Ladi, 'yar Mumuye mai sayar da doya, ta sha gyara a hannuna har ta gaji. In na ce mata, "Ta zo ake cewa, ba ya zo ba," sai ta harare ni ta ce, "Ke dai kin ji abin da na faɗa ko ba ki ji ba?" Mu kwashe da dariya, kowa ya kama aikinsa.

Allah ya ba ni 'yan biyu, Hassan da Hassana. Lokacin da abin nan ya faru ba su cika shekara biyu ba. Dada ta aske musu kai ƙwal saboda ƙuraje, kuma riguna iri ɗaya nake ɗinka musu, don haka baƙo ba ya bambance su sai ya lura da ɗan kunnen da ke kunnen Hassana.

Damina ce mai nauyi a shekarar. Ruwa yakan kama tun safe, duwatsun da ke kewaye da gari su ɓace cikin hazo, bangon ɗakinmu yana tsatsafo da danshi. A makon farko duka biyun suka kama mura. Hassan ya ɗauki tari mai ƙarfi, irin wanda ake ji daga ƙofar gida, ga kuka ga rigima. Hassana kuwa zazzaɓi ne, sai ta rage cin abinci, ta kwanta a tabarmarta ta yi lamo. Dama ita mai haƙuri ce tun a goye, don haka ban ga wani sabon abu ba. Hankalina duk ya tafi kan mai ihu. Dada ta narka man shanu da tafarnuwa, Maman Ladi ta kawo ganyen da ake sirace da shi, wata ta ce a shafa man zafi a tafin ƙafa. Duk na yi.

A daminar ne kuma wasu ma'aikatan lafiya suka fara bin unguwanni gida-gida. Daga baya na fahimci cewa likitoci ne ke bincike kan ciwon huhun yara, suna so su ga ko za a iya gane shi tun a gida ta hanyar ƙirga numfashi, ba sai an kai ga ɗaukar hoton ƙirji ba. Amma a lokacin ba haka matan unguwa suka ɗauke shi ba. Kowace ma'aikaciya tana rataye da wani ɗan agogo a wuya, ba hannu, ba lamba. In ta danna shi sai ya riƙa tik, tik, tik, ita kuma ta ɗaga rigar yaro ta zuba wa ƙirjinsa ido, leɓenta yana motsi ba sauti, har agogon ya yi wata ƙara siririya. A bakin famfo mata suna tambayar juna, agogon da ba ya faɗin lokaci, to me yake faɗa? Aka ce a garin Abbare an danna wa wani yaro, bai ƙara mako ba. Babu wadda ta tsaya tambaya ko dama yaron yana kwance.

Dada ta fi kowa ƙin abin. Ita ko shanu ba ta yarda a ƙirga su a gabanta, balle numfashin ɗan mutum. Ta ce mini, "Kar ki bar su su taɓa mini jikoki. Allah ne ya san yawan numfashin kowa, wane ne zai ƙirga tare da shi?" Ni na yi makaranta, na yi mata dariya a ciki. Amma gaskiya duk sanda na hango masu agogon nan a layinmu, sai in yi sauri in shige gida.

A farkon mako na biyu na fita kasuwa neman zuma saboda tarin Hassan. Ashe bayan fitata Dada ta tayar da sallar azahar, Maman Ladi kuma ta shigo da ɗaya daga cikin ma'aikatan, wata doguwar mata mai suna Sista Rifkatu, don ta ga yaran sun jima ba lafiya. Dada tana sallame salla ƙarar agogon tana tashi. Ta kwashe yaran biyu ta shige ɗaki da su ta rufo ƙofa, tana faɗa da Fulatanci. Ina isowa na tarar da Sista Rifkatu a bakin zaure tana sa takalmi, faɗan Dada yana biyo ta.

Ta ce, "Mama, ke ne uwan yaran?"

Na ce ni ce.

Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗaya, mura ne kawai, zai wuce. Ɗaya ɗin kam, ki kai shi asibiti yau. Ba gobe ba. Numfashinsa yana gudu, ƙirjinsa yana shiga ciki."

Daidai nan tarin Hassan ya taso daga ɗaki, mai ƙarfi, har da shaƙewa. Na ce, "Shi?"

Ta ce, "Eh, shi."

Ta ba ni ɗan kati da lambar gidanmu a jiki, babu suna, don Dada ta hana a faɗa mata sunan kowa. Ta buɗe lema ta wuce.

Na goya Hassan na tafi asibiti. Layi har waje, mata a tsugune a baranda ruwa yana feso mu, mai ba da kati ya tafi cin abinci ya manta da mu. Sai bayan la'asar muka ga likita, wani siririn mutum mai gilashi. Ya sa abin aune-aunensa a ƙirjin Hassan da bayansa, ya daɗe yana saurare. Ya dubi katin, ya dubi yaron, ya ɗaure fuska ya ce, "Wannan yaron aka ƙirga?" Na ce shi ne. Ya ce huhunsa lafiya lau, wataƙila zazzaɓi ne ya sa shi haki a lokacin. Ya rubuta maganin ruwa, ya ce in dawo in abin ya canja. Bai san 'yan biyu ba ne, ni kuma ban ga dalilin faɗa ba. Na fito ina hamdala, har da ɗan jin haushin matar da ta tayar mini da hankali a banza.

Da na dawo gida, ba Dada ba Hassana. Maman Ladi ta ba ni saƙo: Dada ta tafi da yarinyar Iware, gidan 'yarta, wato goggon yaran. Ta ce 'yan biyu in ɗaya ya kwanta sai a raba su, don in suna tare ciwon tsallakawa yake daga wannan zuwa wancan, kuma gidan da agogon nan ya yi kuka ba za ta bar mai lafiyar a ciki ba. Mai lafiyar, in ji ta. Maigida yana kan dutsen Mambila da mota, ba wanda zan yi shawara da shi. Na ce to, Allah ya saka wa Dada, ko banza na samu in ji da Hassan shi kaɗai.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin gida ya yi mini irin wannan shiru ba. Hassan ya sha maganinsa, zazzaɓin ya sauka, amma sai ya tsiri wani abu. Da rana tsaka, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai in neme shi in rasa. In leƙa ɗaki in same shi kwance a tabarmar Hassana, ba tasa ba. Ya ɗaga rigarsa har wuya, yana numfashi da sauri da sauri, cikinsa yana sama yana ƙasa. Da na yi magana sai ya daina, ya zuba mini ido, ba kuka ba dariya. Na taɓa jikinsa, sanyi ƙalau. In na fita, in jima kaɗan, sai in sake jin hakin nan yana fitowa daga ɗakin.

Na kira Maman Ladi ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ta ce, "'Yan biyu ba kamar sauran yara ba ne. Wannan magana yake miki." Na ce wace irin magana, yaron da ko sunan 'yar'uwarsa bai iya ba sai Nana? Na kore zancen da baki, amma abincin ranar ban iya ci ba.

Ana cikin haka Sista Rifkatu ta dawo, wai ka'idar aikinsu ce su bi sawun duk yaron da suka tura asibiti. Dada ba ta nan, don haka na shimfiɗa mata tabarma, na ɗauko Hassan na ajiye a gabanta, har da ɗan gatse. Na ce, "Ga shi nan, likita ya ce lafiyarsa lau."

Ta dube shi, ta juya kansa ta duba kunnensa. Ta ce, "Ina shi?"

Na ce, "Ba ga shi a gabanki ba?"

Ta ce, "A'a, ba wannan ba. Ɗaya shi ɗin. Mai ɗan kunne."

Sai a lokacin na gane. Ni da na shekara ina yi wa mutanen garin nan dariya kan wannan kalma, ni da na fi kowa sanin cewa shi a bakinsu yana iya zama ita. Na ce, "Sista, mace ce! Ita ce! Kin ce mini shi!"

Ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Ina yake yanzu?" Ko a lokacin ma "yake" ta ce, ba "take" ba. Ba mu tsaya jayayya ba. Na miƙa wa Maman Ladi Hassan, muka nufi tasha, Sista Rifkatu ta bar sauran gidajen da za ta shiga ta biyo ni.

Hanyar Iware ranar duk caɓi ce, motar tana tsayawa ɗaukar masu buhunan masara, ni kuwa kamar in sauka in gudu. Mun sami gidan goggon yaran tsit, kaji ma sun fake a ƙarƙashin rumbu. Dada tana zaune a ɗaki da Hassana a cinyarta. Wanzami ya riga ya zo ya yi mata tsaga a haƙarƙari an shafa baƙin magani. Yarinyar ba ta kuka, ba ta tari. Hancinta yana buɗewa yana rufewa, kanta yana ɗan gyaɗawa da kowane numfashi, ƙasan ƙirjinta yana lotsawa ciki, leɓenta ya yi duhu. Abin da Hassan yake yi mini a tabarmarta ke nan, ba ragi.

Sista Rifkatu ta durƙusa ta ciro agogon daga wuyanta. Na zaci Dada za ta hana. Ba ta hana ba, ta dai kawar da kai ta fuskanci bango. Tik, tik, tik, ba abin da ake ji a ɗakin sai shi da hakin yarinyar. Leɓen Sista yana motsi, yana ƙara sauri. Ba ta jira ƙarar ƙarshen ba, ta kashe shi ta ce, "Mu tafi."

Likitan nan mai gilashi muka sake samu. Da ya ga Hassana ya ga ni, ya cire gilashin ya goge fuskarsa da hannu. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhun nan, ta kama huhu biyu. Sannan ya faɗi maganar da har gobe take kunnena: "Yaron da ke tari da ƙarfi yana da sauran ƙarfi. Wanda ya yi shiru, shi nake tsoro."

Mako na uku na ciwon a ɗakin yara muka yi shi. Ban taɓa zaton ɗaki cike da yara zai yi shiru haka ba. Da rana tsaka ba ka jin komai sai hucin tulun iskar numfashi guda ɗaya da ake jawowa daga gado zuwa gado, da tik, tik na agogon ma'aikata. In aka cire wa ɗan wata robar hanci aka kawo wa taka, ba kya iya haɗa ido da uwarsa. In aka cire wa taka, ke ma ba kya son ganin kowa. Akwai ranar da iskar ta ƙare gaba ɗaya, aka ce sai motar da ta tafi ɗauko wata ta dawo. Allura kuwa mu ke sayowa a kantin magani na waje, har sirinji da auduga. Maigida ya dawo ya shiga bin kantuna, kekena na ɗinki ma a makon ya bar gidan. Akwai wata nas da ta daka mini tsawa a gaban mutane, wai mu ba mu kawo yaro sai ya kusa mutuwa. Amma akwai wata kuma, 'yar ƙarama, da ta yi ta neman jijiya a hannun Hassana tana ba ta haƙuri kamar 'yarta. Allah ya saka mata, ko sunanta ban riƙe ba.

Sista Rifkatu ba a ɗakin take aiki ba, amma kowace safiya sai ta zo da kunun gyaɗa a fulas kafin ta fita zagaye. Ta koya mini yadda ake ƙirgawa, ta ce in riƙa kallon ƙasan haƙarƙari, ba baki ba. Ba mu taɓa tayar da zancen kalmar nan ba, ni da ita. Dada kuwa ta ƙi shiga ɗakin. Tana zaune a gindin mangwaron da ke waje da carbinta tun safe har yamma, in na fito ta dube ni kawai, in gyaɗa kai ko in girgiza.

A ƙarshen makon zazzaɓin ya sauka. Hassana ta buɗe ido, ta karɓi kunu a cokali, har ta kama mayafina ta riƙe. Maigida ya fita ya raba sadakar ƙosai. Dada ta shigo a karon farko ta tofa mata addu'a. Na fara lissafin ranar sallama.

Da aka shiga mako na huɗu hakin ya dawo. Aka ɗauki hoto, likita ya ce ruwa ya taru a gefen huhu, ya zama mugunya. Suka sa roba a haƙarƙarinta, kusa da tsagar wanzami, abin yana tsiyaya cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Ko a nan ba ta yi kuka ba. Kullum in Maman Ladi ta kawo abinci sai in tambaye ta Hassan, sai ta ce, "Yana nan yana yin abin nasa."

Ranar da Allah ya karɓe ta, rana ce ta fito sarai bayan kwanaki ana ruwa. An gama azahar, ina riƙe da hannunta ina kallon ƙasan haƙarƙarin yadda aka koya mini. Numfashin ya fara raguwa, har na yi murna, na zaci sauƙi ne. Ina ƙirgawa a zuci, na tsaya ina jiran na gaba, bai zo ba.

Da yamma da muka kawo ta gida, Maman Ladi ta ja ni gefe. Ta ce wajen azahar Hassan ya tashi daga tabarmar nan, ya sauke rigarsa, ya fito ya ce zai ci tuwo. Ya ci, ya yi barci. Daga ranar bai sake hakin ba, tarin ma ya ɗauke. Bayan wata biyu na koma na tambayi likitan. Ya ce yara suna kwaikwayon abin da suka gani, ya ga 'yar'uwarsa tana yi kafin a tafi da ita, mura kuma dama da kanta take warkewa. Na yarda da maganarsa, mutum ne mai ilimi kuma ya yi mana ƙoƙari. Amma tabarmar nan na naɗe ta na ba da ita a ranar.

Wadda ta yi mata wanka ta miƙo mini 'yan kunnen a tafin hannu. Suna nan a ƙasan akwatina. Hassan yanzu magidanci ne, bai tuna komai ba.

Abin da nake so iyaye mata su ji shi ne wannan. In yaro yana mura, a ɗaga rigarsa a kalli ƙirjinsa. In numfashin yana gudu, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa, kar a jira tari, kar a jira wanzami, kar a jira maigida ya dawo. Agogon nan ba ya cin ran kowa, gaskiya kawai yake faɗa. In kuma ma'aikacin lafiya ya ce a kai yaro asibiti, a sa shi ya ɗora hannu a kan yaron da yake nufi. Na daina yi wa kowa dariyar Hausa, amma har yau in aka ce mini shi, sai na tambaya, mace ko namiji?

Ranar sadakar uku Sista Rifkatu ta zo, ta yafa gyale, ba agogo a wuyanta. Ta zauna cikin mata a tsakar gida. Dada da kanta ta tura mata kwanon gumba gabanta. Da za ta tafi ta durƙusa a gabana ta kama hannuwana biyu.

Ta ce, "Mama, sai haƙuri. Allah ya ji ƙansa."

Sai ta tsaya. Idonta ya cika. Ta sake buɗe baki a hankali, tana lalubo kalmar.

"Ƙanta," in ji ta. "Allah ya ji ƙanta."

Na ce amin. Ta kifa kanta a cinyata, ni ce na koma ina ba ta haƙuri.